AMSOSHIN WASIƘUNKU: KO TSOHON GILASHI ZAI HAU SABUWAR KYAMARA?

A wannan mako mun tsamo wasiƙu 3 daga cikin jakarmu, dukansu kuwa a kan magana ɗaya suka taru, wato maganar kyamarar ɗaukar hoto. Kada wani ya ce shi manomi ne, ba ruwansa da hoto. Ku dai gyara zama, domin abin da za mu faɗa ya shafi duk mai fitar da kuɗinsa ya sayi inji, ko na ban-ruwa ne, ko na niƙa, ko keken ɗinki.

WASIƘA TA FARKO

Wannan ta fito ne daga wani dattijo mai ɗaukar hoto da ke da shago a wajajen Ƙofar Kwaya, cikin birnin Katsina. Bayan gaisuwa ga ma'aikatan gidan nan, ga abin da ya ce:

"Na fi shekara 30 ina wannan sana'a, da damina kuma ina taɓa noma. Ina da kyamarori 3 masu cin fim: Pentax K1000, da Canon AE-1, da wata Nikon mai saita kanta. Kowace da gilasanta, duka-duka guda 7. Yau fim ya yi wuyar samu, masu biki kuma so su ke a tura masu hoto a waya nan take. Na sayar da waken da na noma bana don in sayi kyamarar zamani in damƙa wa ɗana shagon. Wani dillali ya ce mani duk gilasan nan sun zama tarkace, in ba shi su a matsayin ciko ya rage mani kuɗi kaɗan. Shin gaskiya ne? Ina neman shawara kafin in saki kayana."

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma ka yi dabara da ka tambaya, don matambayi ba ya ɓata. Amsa a taƙaice ita ce: kada ka saki. Gilashi ba ya mutuwa don an daina fim. Sai dai ba kowane gilashi ne ke hawa kowace kyamara ba, kuma wanda ya hau ɗin ma ba lalle ne ya yi duk aikin da ya saba yi ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Irin kyamarar da ka ke riƙewa kashi biyu ce. Akwai gangar jiki, akwai kuma gilashin da a ke ɗaura mata a gaba. Ka ɗauke su kamar ƙota da ruwan gatari. Aikin gilashi shi ne ya tattaro haske ya zuba shi a ciki. A da fim ne ke karɓar hasken, yau kuma wani ɗan faranti ne na lantarki da masu sana'ar ke kira sansa. Gilashi bai san abin da ke bayansa ba, fim ne ko sansa, shi dai haske ya ke zubawa. Abubuwa biyu ne kawai ke hana shi zama: baki da tazara.

Maganar baki, duk mai noman rani ya san ta. Injin ban-ruwa mai bakin inci 3 ba ya karɓar mesa mai inci 2 sai an nemo abin haɗi. Haka kowane kamfani ya yanka wa kyamararsa baki irin nasa. Na Nikon daban, na Canon daban, na Pentax daban. Abin haɗin a nan wani zobe ne na ƙarfe da a ke kira adafta.

Maganar tazara ita ce mutane da yawa ba su sani ba, kuma a nan dillalai ke cin kasuwarsu. Kowane gilashi an ƙera shi ne ya zauna a wani ƙayyadadden nisa daga fim. Na Nikon milimita 46.5 ne. Na Pentax kimanin 45.5. Tsohon na Canon, irin na AE-1 ɗinka, 42 ne, sabon na Canon kuwa 44. To ka san zobe ƙara nisa ya ke yi, ba ya ragewa. Saboda haka gilashin Nikon zai hau Canon da zobe mai kaurin milimita 2.5, lissafi ya cika daidai. Amma tsohon gilashin Canon mai son 42 ba zai zauna daidai a kan sabuwar Canon mai 44 ba. In an tilasta shi, zai ɗauki abin da ke kusa, na nesa kuwa ya fito dishi-dishi. Akwai zoben da a ke saka wa ƙaramin gilashi a ciki don gyara wannan, amma yawancinsu rage kyan hoto su ke yi.

Yanzu bari mu ɗauki kayanka ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, Canon AE-1, wadda ta fito a 1976. A shekarar 1987, shekarar da aka yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, kamfanin Canon ya watsar da tsohon bakinsa ya fito da sabo mai suna EF. A sabon tsarin babu wani ƙarfe da ke motsa wani ƙarfe tsakanin jiki da gilashi, lantarki ne kawai ke kai saƙo, kuma ɗan injin da ke saita hoto yana cikin gilashin ne. Masu tsofaffin kaya sun ji haushi ƙwarai a lokacin. Amma duk gilashin Canon mai alamar EF da aka yi tun daga 1987 yana aiki sosai a kan kyamarorinsu na dijital. Naka dai na kafin nan ne, don haka kada ka sayi Canon mai madubi a ciki da niyyar ɗaura su.

Na biyu, Nikon. Su wata hanya suka bi. Bakin da suka fito da shi a 1959 shi suka riƙe har zamanin dijital. Sai dai a nan akwai rami, ka saurara da kyau. Yawancin gilasan Nikon masu saita kansu na zamanin fim ba su da inji a cikinsu. Injin yana cikin gangar jiki, shi ke juya wani ɗan sukuru da ke bayan gilashin. A 2006, da kamfanin ya fito da D40 mai araha, sai ya cire wannan inji. Haka ya ci gaba da yi a duk jerin D3000 da D5000, irin su D3100 da D3200 da D5100. In ka ɗaura gilashinka a kan waɗannan zai shiga ras, hoto zai fito, amma ba zai saita kansa ba, sai ka murɗa da hannu. In kuma gilashin na hannu ne tun asali, to ko awon haske kyamarar ba za ta yi maka ba, sai ka yi ta kintace. Waɗanda ke da injin, kuma su ke awon haske da tsohon gilashi, su ne irin D300 da D700 da D7000 da D7100 da D7200. Gargaɗi ɗaya: gilashin Nikon da aka yi kafin 1977, in ba a gyara bakinsa ba, kada a matsa shi a kan waɗannan, yana iya karya wani ɗan haƙori da ke gefen bakin.

Na uku, Pentax K1000, jakin kyamarori, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997. Bakinta ya samo asali ne daga 1975, kuma kyamarorin dijital na Pentax suna karɓar gilasanta kai tsaye, sai dai ka danna wani koren maɓalli kafin ta auna haske. Gilasan kuma suna hawa Canon da siririn zobe. Haka ma gilasan Zenit na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, masu baki irin na murfin kwalba, da na Yashica.

To ina kyamarar da za ta haɗa maka duka 7? Akwai ta. Tun daga 2008 aka fara fito da kyamarori marasa madubi a ciki. Da aka cire madubin sai jikin ya sirance, tazarar ta ragu ƙwarai. Ta Sony, wadda bakinta ya fito a 2010, milimita 18 ce. Nikon da Canon sun fito da nasu sababbin bakuna a 2018, na Nikon 16, na Canon 20. Tunda duk tsofaffin gilasanka sun fi haka tazara, kowane sai a nemo masa zobensa, har da na AE-1 ɗin. Zobe 3, kyamara 1, magana ta ƙare. Amma da sharaɗi: saiti da hannu, buɗe ƙofar haske da hannu. Kai da ka yi shekara 30 da K1000 wannan ba baƙon abu ba ne gare ka. Ɗanka ne zai sha koyo. Abin da zai taimake shi, irin waɗannan kyamarori suna iya ƙara girman hoto a allo, suna kuma shafa launi a gefen abin da ya saitu.

Saura abu ɗaya da zai ba ka mamaki ranar farko. Fim faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24. Sansar yawancin kyamarori masu sauƙin kuɗi ba ta kai rabin wannan fili ba. Don haka tsakiyar hoton kawai ta ke kamawa, kamar mai leƙen kasuwa ta ƙaramar taga. Gilashinka mai lamba 50 zai koma kamar 75 a Nikon ko Sony, kamar 80 a Canon. In ka shiga zaure ɗaukar ango da abokansa, za ka ja da baya har ka jingina da bango mutane ba su gama shiga ba. A nan mai lamba 28 ne zai cece ka. Amma ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro riba ce, don mai lamba 135 zai jawo maka mahayi kamar kana riƙe da mai lamba 200.

Shawararmu dai, Malam: in aikin cikin shago ne ya fi yawa, fasfo da hoton zaune, to marar madubi ta hannu da zobba ta ishe ku. In kuwa biki da taro ne, inda mutane ba su tsayawa wuri ɗaya, ka nemi Nikon mai inji a ciki, gilasanka na Nikon su ci gaba da saita kansu. Kuma ko Kano za ka, ko Legas, ko nan cikin gari, ka zuba gilasan a jaka ka tafi da su. A ɗaura a gabanka, ka ɗauki na kusa, ka fita waje ka ɗauki na nesa, ka duba da idonka kafin ka ƙirga kuɗi. Ba a cinikin biri a sama. Shi kuma dillalin, ka tambayi kanka: in tarkace ne, me zai yi da su?

WASIƘA TA BIYU

Ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce a Jibiya, mai sayar da kayan lantarki na hannu. Ya ce: "Me ya sa kamfanonin nan ba za su yi baki iri ɗaya ba kowa ya huta? Ni a ganina cuta ce kawai, so su ke mu yi ta saye."

Alhaji, maganarka da ƙamshin gaskiya, amma ba ita ke nan duka ba. Gaskiya ne kamfani na son wanda ya sayi jikinsa ya dawo ya sayi gilashinsa, kamar yadda kai ma ba ka son mai sayen rediyo a wurinka ya je maƙwabta sayen batir. Amma akwai lissafin ƙira, kuma kai ɗan kasuwa ne, za ka gane shi.

Duk abin da ke sa sabuwar kyamara ta yi magana da tsohon gilashi, ƙarfe ne da sai an ƙera, an ɗaura, an gwada: ɗan inji, da sandar da ke juya sukuru, da zoben da ke karanta ƙofar haske. Mu ƙaddara, misali kawai, duk waɗannan suna cin dala 5 a kyamara ɗaya. In za a ƙera miliyan 1, an tashi dala miliyan 5 ke nan. Sai kamfani ya duba ya ga mai sayen ƙaramar kyamara galibi sabon shiga ne, ba shi da tsohon gilashi ko ɗaya, wanda aka haɗo masa a kwali da shi zai yi ta aiki. To don me za a caje shi kuɗin abin da ba zai taɓa amfani da shi ba? Sai a cire, kyamara ta yi sauƙin kuɗi, ta yi sauƙin ɗauka. A bar kayan a cikin manya masu tsada, inda masu tsofaffin gilasai ke saye.

Haka maganar sansa. Ana yanko ta ne daga wani faifai na musamman mai tsadar gaske, kamar yadda tela ke yanka huluna daga ƙyalle ɗaya. In ka yanka manya, kaɗan za ka samu. Kuma in akwai tabo a ƙyallen, babbar hula guda ta tashi a banza, alhali da ƙanana ka yanka, ƙarama ɗaya ce za ta lalace sauran su tsira. Shi ya sa mai cikakkiyar sansa, daidai girman fim, ta ke da tsada. Ƙaramar sansar nan na cikin abin da ya sa a 2003 Canon ya iya fito da 300D a ƙasa da dala 1,000, abin da ya buɗe wa masu ƙaramin ƙarfi ƙofa.

Ragin ba a jiki kaɗai ya tsaya ba. Gilashin Canon mai lamba 50 da aka yi a 1987 bakinsa ƙarfe ne, yana da ma'aunin nisa a jiki. Da aka sake shi a 1990 sai aka mai da bakin roba, aka cire ma'aunin, don farashi ya sauko. Sai a 2015 aka dawo da bakin ƙarfe. A 2018 kuma suka fito da 4000D, wadda bakinta kanta roba ne, aka kuma cire ɗan ƙarfen tsakiya da ke kunna fitilar hoto, ta yadda fitilun wasu kamfanoni ba su tashi a kanta. Tunda mun ambaci fitila, a kula: wasu tsofaffin fitilun zamanin fim suna sakin wuta mai ƙarfin da ke iya ƙona cikin kyamarar dijital. Kada a ɗaura sai wanda ya sani ya auna.

Kada kuma mu ɗauka duk canji mugunta ce. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A kamfanin Kodak ne wani injiniya, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, amma kamfanin ya ci gaba da dogara da cinikin fim, har ya kai ga neman kariyar kotu saboda karayar arziki a 2012. Minolta kuwa, da ta haɗe da Konica, ta miƙa wa Sony harkar kyamararta a 2006.

Don haka Alhaji, araha ba cuta ba ce in an faɗa wa mai saye abin da aka cire. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Cutar ita ce a sayar masa da rariya a ce ƙwarya ce. In mai saye ya zo maka, ka tambaye shi wane gilashi gare shi a gida kafin ka miƙa masa kaya. Za ka rasa cinikin yini ɗaya wataƙila, amma ka sami abokin ciniki na shekaru.

WASIƘA TA UKU

Ta ƙarshe wata baiwar Allah ce ta aiko daga Dutsin-ma. Ta ce maigidanta mai hoto ne, Allah Ya yi masa rasuwa, ya bar akwati cike da kyamarori da gilasai. Za a raba gado, wasu na cewa a ba yara su yi wasa da su. Tana tambaya ko suna da wata daraja.

Malama, Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari. Kada a ba yara. Da tsohuwar zuma a ke magani, kuma wannan dukiyar marayu ce, sai an kimanta ta kafin a raba. Tun da marasa madubin nan suka yawaita, tsofaffin gilasai masu lafiya sun sake samun masu nema. Sau da yawa ma gilashin ya fi jikin da ya ke kai daraja.

Ga yadda za a duba. A cire murfin gaba da na baya, a haska tocila ta ciki. Ƙura 'yar kaɗan ba komai. Amma in an ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, to funfuna ce da danshin damina ke haifarwa, tana cin fuskar gilashi, tana rage kuɗinsa. A ware mai ita daga sauran. A murɗa zoben saiti, a ji yana tafiya sumul ba ya cijewa. A murɗa na ƙofar haske, a ga 'yan ganyayyakin ƙarfen da ke ciki suna buɗewa suna rufewa, ba maiƙo a jikinsu. Sannan a sa wani mai karatun boko ya kwafe duk rubutun da ke zagaye da gaban kowane gilashi, suna da lambobi, domin da su a ke sanin farashi. A nuna wa masu hoto 2 ko 3 da ba su san juna ba, kada a tsaya ga bakin mutum ɗaya, musamman in shi ne mai son saye.

Kafin nan a fitar da su daga jakar fata, don fata na riƙe danshi. A ajiye su inda iska ke shiga, ba a ƙasa ba. Kada a goge su da bakin zane ko gefen riga. Ƙurar hunturu yashi ce, tana karce gilashi. A fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan a shafa da tattausan ƙyalle mai tsabta. Wannan gargaɗi har da ku masu sababbin kyamarori: lokacin hazo kada ku canza gilashi a fili. Ku shiga ɗaki, ku kashe kyamara, ku kifa bakinta ƙasa, domin ƙurar da ta sauka a kan sansa za ta riƙa fitowa a kowane hoto.

To jama'a, a nan lokaci ya cim mana. Manomi da ke shirin sayen sabon injin ban-ruwa, ya auna bakin tsohuwar mesarsa kafin ya tafi kasuwa, ya kuma tambayi abin da aka rage a cikin mai arahar. Masu aiko da wasiƙu muna roƙo a riƙa rubutu da kyau, a faɗi gari, in kuma tambayar inji ce a rubuto sunansa da lambarsa. Waɗanda ba su ji tasu ba su ƙara haƙuri, tana nan a layi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.